Ciwon da Gwaji Ba Ya Gani

Shekara 4 ke nan ina fama da ciwon da likitoci ke kira IBS, wato hanji mai saurin harzuƙa. Ciki ya kumbura, ya yi ta murɗawa, yau gudawa, jibi bayan gida ya ƙi fita. An auna jini, an auna bayan gida, komai lafiya lau. Sai 'yan uwa suka shiga ba da fatawa: wannan ya ce basir ne, wancan ya ce taifot. Gwaggona kuwa cewa ta yi tsirfa ce kawai.

Wata likita ce ta warware mini. Hanjin ba shi da rauni, jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ne suka cika ji. Iskar da wani ba zai ma san da ita ba, ni sai ta hana ni zama. Shi ya sa damuwa da rashin barci ke tayar da shi.

Ta ɗora ni kan tsarin FODMAP na Jami'ar Monash da ke Ostireliya: a bar albasa, tafarnuwa, wake, alkama da madara na mako 2 zuwa 6, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da ya biyo baya. Nawa abokan gābar albasa ce da wake. Tuwon shinkafa kuwa bai taɓa saɓa mini ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙin taɓa ƙosai a gidan surukai. Yanzu nakan faɗi dalili ƙarara, ya fi mini kwanan zaune.

Amma wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, kada ya tsaya sauya abinci. Ya nufi asibiti.