Wai waye Molotov ɗin?

1/ Duk sanda tarzoma ta ɓarke a wata ƙasa, sai ku ji 'yan jarida na cewa an jefa "Molotov cocktail". Mu a Kano bam ɗin fetur muke cewa, wasu su ce na kwalba. Ku biyo ni ku ji inda sunan ya samo asali.

2/ Vyacheslav Molotov ministan harkokin wajen Tarayyar Sobiyet ne zamanin Stalin. Sunan gidansu ma Skryabin ne, shi ya laƙaba wa kansa Molotov, daga kalmar guduma a Rashanci. Kuma ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Tun 1936 ake jifan tankoki da shi a yaƙin basasar Sifaniya.

3/ Ranar 30 ga Nuwamba 1939 Sobiyet ta auka wa maƙwabciyarta Finland, 'yar ƙaramar ƙasa, jiragenta suka yi ruwan bama-bamai a Helsinki. Sai labari ya bazu wai Molotov ya ce ai abinci suke jefa wa mayunwata.

4/ Mutanen Finland suka mayar masa da gatse. Bam ɗin suka sa masa suna kwandon burodin Molotov. Kwalbar da suke jifan tankokinsa da ita kuma suka ce abin sha ne, ai ba a ba baƙo abinci gayansa. Ma'anar "cocktail" ɗin ke nan: haɗin giya. Zambo ne tsagwaronsa, ko mawaƙin fada sai haka.

5/ Kamfanin giyar gwamnatinsu, Alko, shi ya riƙa cika kwalaben, dubu ɗaruruwa. Molotov ya mutu a 1986 yana da shekara 96, sunan bai bi shi kabari ba.

6/ Abin da ya sa na tado zancen: akwai yaro a layinmu nan Gyadi-Gyadi da abokansa ke kira Molotov, don zafin zuciyarsa. Yana amsawa har da ɗaga hannu. Na ga wani ma ya rubuta a bayan adaidaita wajen kasuwar Tarauni. Sunan da daɗi a baki, kamar na ɗan ƙwallo.

7/ Ni dai ba na iya dariyarsa. Waɗancan tankar yaƙi ce a gabansu. Mu nan me ke gabanmu? Shagon maƙwabci, motar talaka, masallaci.

8/ Ranar 15 ga Mayu 2024, a Larabar Abasawa ta Gezawa, wani ya kulle masallata suna sallar asuba ya cinna musu wutar fetur, kan rikicin gado. Aka kwaso mutane zuwa asibitin Murtala, kwana da kwanaki ana jin an ƙara rasa wani. Allah Ya jiƙansu.

9/ Jiya na tare yaron na ce, "Kai ɗan nan, ni da sunanka na yanka zan riƙa kiranka." Ya sosa ƙeya ya ce, "To Baba."