Ba Ganda Ba Ce

'Yan uwana mata, akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Ni ciwon lufus nake fama da shi, wato garkuwar jiki ce ta juyo tana yaƙar gaɓoɓi da fata, wani lokaci har ƙoda. Cikin mutum 10 masu ciwon, kusan 9 mata ne. Sai ki tashi da safe kamar wadda ta kwana tana surfe, a ce miki raguwa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni dai da sassafe nake aikina, domin rana tana tayar da ciwon. Ranar wanki ba na daka. Ba na fashin shan hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorokin, kuma ina zuwa a duba min ido saboda maganin yana iya taɓa shi. In kasala ta yi yawa, sai a auna min jini, ko ya ragu.

Ki ja maigida wurin likita ya ji da kunnensa. Biki kuwa, in jiki ya ƙi, ki aika gudunmawa kawai. Allah Ya ba mu lafiya, amin.