Rijiya ta kowa ce, amma kowa ya riƙe gugansa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan kudu, musamman mu 'yan sashen kwamfuta. Tun da aka shiga zangon bincike ake ta yi min tambaya ɗaya: manhajar gwada shafin intanet, a girka ta sau ɗaya ne duk ayyukan da ke kwamfuta su yi amfani da ita, ko kowane aiki a girka masa tasa? Bari in amsa a nan kowa ya ɗauka.

Ni dai Playwright nake amfani da ita a aikin mastas ɗina. Microsoft ne suka fitar da ita a 2020. Aikinta ta buɗe burauza da kanta, ta cike fom, ta danna maɓalli, ta duba ko abin da ya kamata ya fito ya fito. Tana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit, wato injin da Safari ke tafiya a kai. Kafin ita akwai Selenium tun 2004, kuma har gobe ana amfani da ita.

Na san abin da ke kawo tambayar, data ce. Ayyuka uku ne a laftof ɗina: na bincike, da shafin ƙungiyarmu ta ɗalibai, da wani ɗan aiki da nake yi wa mai shago don in haɗa kuɗin haya. Burauzocin da Playwright ke saukewa ɗaruruwan megabait ne. Wanda ke nesa da gida, kuɗin datarsa daga kuɗin tuwonsa yake fita, ba zai so ya sauke abu ɗaya sau uku ba. Shi ya sa da mutum ya ji akwai npm install -g, mai girka wa kwamfuta gaba ɗaya, sai ya ce kakarsa ta yanke saƙa.

To amma fa akwai matsala biyu. Ta farko, idan rubutun gwajinka ya kira Playwright, Node ba ya zuwa rumbun gama-gari ya nemo ta. Foldar node_modules ta aikin yake dubawa, sai ta foldojin da ke samanta. Sai ka ga abu yana kwamfutarka, amma ana ce maka ba a gan shi ba.

Ta biyu ta fi tayar min da hankali. Girkin gama-gari siga ɗaya yake riƙewa. Ranar da na sabunta ta saboda aikin mai shago, na sabunta wa bincikena ke nan ba da sanina ba. Alhali alƙaluman da ke babi na huɗu da tsohuwar sigar aka same su. Ranar kare aiki, idan mai jarrabawa daga waje ya ce a sake gwajin a gabansa, sakamako ya fito daban, wa zan kama? Sannan idan na tura wa malamina aikin, babu inda aka rubuta sigar da na yi amfani da ita, tunda package.json bai san da girkin gama-gari ba.

Ga yadda nake yi. Ita manhajar ba ita ce mai nauyi ba, saboda haka kowane aiki ina girka masa tasa, in sa --save-exact don lambar sigar ta zauna daram. Wannan shi ne guga. Burauzocin su ne rijiya, kuma da ma wuri ɗaya Playwright ke ajiye su: foldar ms-playwright, cikin AppData\Local a Windows, ko cikin .cache a Linux. 'Yan Python ma can nasu ke sauka. Sai dai kowace sigar Playwright tana da burauzocin da aka ɗaura mata. Idan ayyukana uku suna kan siga ɗaya, saukewa ɗaya ta wadatar. Idan suka bambanta, kowanne zai ja nasa. Don haka na tsayar da su a lamba ɗaya, kuma na bincike ba mai taɓa shi sai na kare.

Wasu dabaru na rage asara. Idan Chromium kaɗai kake buƙata, rubuta npx playwright install chromium, ka bar sauran. A kwamfutar laburare ko ɗakin gwaji da mutane da yawa ke shiga da asusu daban-daban, a nuna folda ɗaya da PLAYWRIGHT_BROWSERS_PATH, kowa ya sha daga can. Kuma foldar tana kwafuwa a fulash, matuƙar sigarku ɗaya ce kuma ku duka Windows ne ko ku duka Linux.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yi min daɗi. Mu biyar ne 'yan Arewa a ajinmu. Mun yarda da lamba ɗaya, mutum ɗaya ya sauke da dare lokacin da netwok ya sake, fulash ya zaga. Yadda muke haɗa kuɗin cefane a ɗora tukunya ɗaya, haka muka yi da data. Amma aikin kowa yana tsaye da ƙafarsa, ko an kai shi wata kwamfutar zai tashi.

Ƙannena 'yan ajin ƙarshe da za su fara furojet, ku zauna ku tsayar da siga tun yau, kafin kowa ya kama gabansa. Mai son foldar ya zo da fulash ɗinsa, mu haɗu a masallacin makaranta bayan Juma'a. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya mai da mu gida lafiya da sakamako mai kyau.