Zif ɗin Baba

Babana tela ne a Bazaga. Tun ina ƙarama nake jin yana aiken yara Ƙonni: "Ku sawo mini zif baƙi, dozin guda." Ban taɓa ɗauka baƙuwar kalma ce ba, sai da na tafi jami'a a Yamai karatun kimiyyar harshe. A can ƙawayena "farmatir" suke cewa, daga Faransanci fermeture éclair, marufi mai saurin walƙiya. Ran da na ce "zif" a ɗakin kwana aka kwashe da dariya, wata ta ce ai wannan Turancin ƴan kasuwa ne. Kunya ta kama ni, na daina faɗa.

Haushi ne ya sa na bi asalinta. A Ingilishi zip kwaikwayon sauti ne, ƙarar abu in ya wuce fuu. A 1923 kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya laƙaba wa takalmansa na roba masu wannan marufi suna zipper, sunan kuma ya bi marufin. Ƴan Ingila zip suke cewa. Daga nan kalmar ta yi rassa: "zip it" na nufin rufe mana baki, zip a bakin Amurkawa kan zama sifili, ga kuma fayil ɗin ZIP da muke matse takardu ciki a kwamfuta.

Da hutu na dawo gida da ilimina zafi-zafi. Na ce, "Baba, ba zif ba ne fa, zip ne." Bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya sai da mini shi Illela zif ya ce, kuma na biya shi kuɗinai."

Na yi shiru. Ni da aka koya wa cewa Hausa kan mayar da p ta koma f, kamar a fensir da famfo, ni ce ke gyara wa mahaifina baki. Kalmar ba ta makaranta ta biyo ba. Da kaya ta shigo daga Najeriya, ta hanyar Sakkwato da Illela, muka haɗa ta da aikatau namu: a zuge zif.

Watan jiya na jakata ya lalace. Na kai wa wani tela a Yamai, na ce ya canja mini zif. Ya dube ni ya yi murmushi: "Ke daga wajen Ƙonni kike ko?" Na ce e, Bazaga.