Ƙafar ɗalibi da ƙafar lebura

A shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira, ban taɓa ɗaukar tafiya a ƙasa abin kunya ba. Nakan taka daga masauki zuwa tasha, in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe tun 1987, in zauna tsakanin malami da lebura, kuɗinmu ɗaya. A can na fahimci cewa ana gane adalcin gari ne daga yadda talakansa ke isa wurin aiki.

A Kano kuwa, duk wanda ya bi titin Sharaɗa ko Challawa da sassafe zai ga ma'aikatan kamfanonin fata da na roba suna sauri a bakin kwalta, tireloli na baɗa musu ƙura. Tun da aka hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ce madogararsu; cire tallafin fetur a 2023 ya sa kuɗinta ya gagari mai ƙaramin albashi. Wanda ya tako daga Kurna zuwa Bompai, da wane ƙarfi zai tsaya gaban inji?

Mun daɗe muna kukan rashin wuta ya durƙusar da masana'antunmu. Lokaci ya yi da gwamnati da masu kamfanoni za su haɗa hannu su samar da motocin bas masu tsayayyen lokaci da farashi. Injin farko a kowace masana'anta shi ne ma'aikaci.