Abin Da Na Gani A Kogon As'habul Kahfi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya nufe ni da ziyartar wani kogo a Rajib, kusa da birnin Amman na ƙasar Urdun, wanda mutanen can suke cewa shi ne kogon As'habul Kahfi, ko da yake mutanen Turkiyya ma suna cewa yana wajensu. A shekarar 1963 ne wani masanin tarihi, Rafik Dajani, ya tone wurin.

Jagoranmu ya fara zagayawa da mu harabar, muka ga kaburburan Rumawa sassaƙe cikin dutse, da kufan masallatai biyu, ɗaya bisa kogon, ɗaya gabansa. Sa'an nan muka shiga ciki, inda kaburburan dutse suke dama da hagu. Ya nuna mana wata 'yar kafa jikin ɗayansu, muka leƙa bi da bi, muka ga ƙasusuwa.

Na daɗe ina karantar da Suratul Kahfi, amma sai a nan wata aya ta tsaya mini a rai. Samarin nan sun yi barcin shekara 309, sun farka da yunwa, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa. Duk da yunwar, sharaɗin da suka gindaya masa shi ne ya duba abinci mafi tsarki. Sai kunya ta kama ni. Sau nawa aka kawo mini kyauta na karɓa, na sa albarka, ban tambayi inda ta fito ba?

Masu tafsiri sun ce kuɗin nan ne ya tona su, domin an daɗe da daina cin kasuwa da irinsa. Dattawanmu sun ga kwatankwacin haka a 1973, sa'ad da naira ta kori fam da sule. To, ya kai attajiri, ya kai ma'aikacin gwamnati, kuɗin da muke tauye mudu ko karɓar toshiyar baki dominsa, wata rana zai zama tsohon ƙarfe, hisabinsa kuwa yana nan.

Tun da na komo nake tambaya kafin in miƙa hannu. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa mu cika da imani. Amin.