Ina Za Mu Kai Baƙo Ya Ci Abinci a Kumasi?



Cikin ayyukan da suka rataya a wuyanmu a zauren maigida akwai wanda ba a rubuta shi a kowace takarda ba, alhali ya fi rubutun wasiƙa yawan aukuwa. Baƙi za su sauka daga Kano ko Yamai ko Tamale, a gaisa, a sha ruwa, a taɓa maganar da ta kawo su, sai maigida ya waiwayo ya ce, "Malam, a kai su su sa wani abu a baki." In an san da zuwansu da sauƙi, cikin gida sun riga sun ɗora tukunya. To amma baƙon Zango bai cika aiko da saƙo ba, sai dai a ji sallamarsa a bakin ƙofa. Shi ya sa muka shekara da shekaru muna jan baƙi lungu-lungu, daga Asawase zuwa Aboabo, daga Alabar zuwa Adum, har muka gane cewa tambayar inda za a ci abinci a garin nan ta fi yadda ake zato nauyi.

Da safe babu shawara. Ana idar da sallar asuba, duk inda ka ga mace zaune bayan babbar tukunya da aka naɗe da leda da zane don kada zafi ya fita, tsaya nan. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da barkono, wanda ke tashin mai barci tun daga maƙogwaro, ga ƙosai da masa da pinkaso a gefe. Abin da muke so baƙo ya gani shi ne layin. Akwai direban da zai kama hanyar Bolga, da ma'aikaciyar asibiti Batoniya, da makanikin Suame, da ɗan makaranta mai kakin coci, kowa riƙe da kuɗinsa yana jiran ludayi ɗaya. Duk faɗin Gana sunan abin nan ɗaya ne, kokon Hausa, har a bakin wanda bai iya ko "sannu" ba.

Da hantsi kuwa sai wake, wanda masu rubuta allon talla suka mayar waakye. Baƙinmu na Arewa sukan yi tsammanin shinkafa da waken da suka sani ne, sai an buɗe ganye su yi shiru. Jan da karan dafi ya ba ta, ga garin rogo da taliya, ga ganda da ƙwai da soyayyen kifi, ga baƙin yajin nan shito yana malala a kai. Wani dattijo Bakano ya daɗe yana kallon nasa kafin ya ce, "Wannan ai garau-garau ce ta yi arziki." Ƙa'idarmu a nan guda ce: mai waken da tukunyarta ke kaiwa la'asar, wuce ta. Ta ƙwarai kafin azahar ta kife tukunya ta tafi gida.

Yaranmu da yawa sun ɗauka kalmar Tonanci ce, don haka bari mu ɗan waiwaya. Kakanninmu goro ya kawo su. Ayarin fatake kan taso daga ƙasar Hausa ya yi watanni a hanya har Salaga, a ƙasar Gwanja, inda sarakunan Asante suka tsayar da cinikin, ba su cika barin baƙi su gangaro kurmi ba. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ikon nan ya sassauta, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwa, wasu Karachi, wasu Kintampo. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ƙofar Kumasi ta buɗe, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, zango ya kafu ya yi ta faɗi. Duk inda ayari ya yada zango kuwa sai an sami mai dafa masa, kuma matan nan da babu wanda ya rubuta sunansu su ne suka koya wa garin nan cin wake da shan koko. A 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, iyayenmu sun ba mu labarin gidajen da aka rufe da motocin da suka cika da kaya da kuka. An kori mutane da yawa, amma washegari garin ya tashi yana neman koko.

Tuwon zafi ma haka, har an gajarce shi zuwa harufa biyu a alluna. Sai dai gaskiya ɗaya ce, yau 'yan'uwanmu Dagombawa da sauran matan Arewacin Gana sun fi mu riƙe shi, kuma in ana son miyar ayoyo mai yauƙi da jar miya ta kayan ciki, wurinsu muke zuwa ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma omo tuo na ranar Lahadi, tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, wanda sunansa kansa gauraye ne: rabin farko shinkafa ce da Tonanci, rabi na biyu tuwonmu ne.

Duk wannan mai sauƙi ne, domin tukunyar Musulmi ce. Wahalar takan fara ne ranar da baƙo ya ce, "Mun zo ƙasar Tonawa, a kai mu mu ci fufu."

A nan ne mukan ga fuskar 'yan rakiya ta canja, wani ya yi raɗa: wa ya yanka? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Naman shanu da awaki da tumakin da ke kasuwannin garin nan akasari ta hannun mahautanmu yake bi, tun daga mayankar Kaase har teburan Kejetia da kasuwar Asawase. Mai gidan abinci a Bantama in ta sayi naman akuya, sau da yawa a hannun ɗan Zango ta saya. Abin kiyayewa daban ne. Akwai naman daji, musamman akrantie da Tonawa ke matuƙar so, wanda bindiga ko tarko ke kashewa ba wuƙa ba. Akwai ƙafar alade mai gishiri da wasu ke jefawa a miya don ɗanɗano. Akwai kuma gidajen da ake sayar da giya a teburin da ake cin abinci. Tunda tukunyar miya ɗaya takan ɗauki nama iri uku, ba ya isa ka ce a zuba maka na akuya kawai. Sai ka tambayi abin da ya shiga tukunyar tun farko. Mun jarraba wannan fiye da a ƙirga, kuma mafi yawan matan nan da sun ga hula sukan riga mu magana: "Kramo, wannan ba taka ba ce, ga waccan."

Ba mu koyi yin tambayar nan a littafi ba. Kunya ce ta koya mana.

Shekarun baya mahaifiyar wani maƙwabcinmu Batone ta rasu, gidan da katangarsu ke jingine da ta makarantar allonmu. Ranar Asabar maigida ya ɗauke mu mu shida muka je ta'aziyya. Muka bi layi muna gaisawa daga dama zuwa hagu kamar yadda al'adarsu take, cikin jama'a masu jan zane da baƙi, muka ba da gudummawarmu aka sanar. Daga nan aka ja mu wani ɗaki a keɓe, aka shigo da manyan kwanuka a rufe. Muka dubi juna. Babu wanda ya ɗaga murfi. Muka ce alhamdu lillahi a ƙoshe muke, muka ɗauki ruwan gora, muka yi sallama muka fito muna jin mun tsare addininmu.

Bayan kwana uku wani mahauci ɗan unguwa ya tare mu a bakin masallaci yana murmushi, ya ce yaya muka ji naman ragon? Muka ce wane rago? Ashe babbar 'yar marigayiyar tun ranar Juma'a ta same shi, ta sayi rago, ta ce shi da kansa zai yanka da sunan Allah. Ta je Kejetia ta sayo sabuwar tukunya da sababbin kwanuka, ta ɗauko wata Hajiya daga Aboabo ta dafa a murhu daban. Duk wannan a ranar da take shirin binne uwarta. Abincin ya huce a inda muka bar shi.

Da muka gaya wa maigida ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a kawo masa takalminsa. Muka same ta a tsakar gida. Ya ce, "Uwa, mun zo ba da haƙuri, mun yi kuskure." Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Kramo, shekara talatin ina shan kokonku, ban taɓa tambayar abin da kuka sa a ciki ba. Ban ce ku ci ba tambaya ba. Amma ko tambayar ba ku yi ba." Ta karɓi haƙurin da baki, zuciya kuwa ta ɗauki lokaci. Wata 'yar magana ta magudanar ruwa tsakanin gidansu da makarantar, wadda da gaisuwar safe za a kashe ta, sai da ta ja mu kusan shekara.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mun sani. Mun karanta aya ta 5 a Suratul Ma'ida tun muna yara, wadda ta halatta mana abincin ma'abota Littafi, kuma Risala da muka sauke a gaban malamanmu ba ta ga laifi a cikinsa ba. Matar nan kuwa mai zuwa coci ce, ta ma wuce abin da shari'a ta nema. Taka-tsantsan da haram wajibi ne, babu mai jayayya. Amma abin da ya hana mu ɗaga murfin nan ƙyama ce muka sa wa rawani.

Tunda an zo nan, bari mu faɗi wata mai ɗaci. Mun ƙware wajen tambayar wa ya yanka, ba mu cika tambayar wa ya wanke kwano ba. Akwai wuraren cin abinci a unguwanninmu da aka kafa teburi a kan kwata, ruwan wanki ɗaya tun safe har dare, mu zauna mu ci da bismilla don mai abincin ta yafa mayafi. Littafin fiƙihun da muka karanta da babin tsarki ya fara. Haka kuma samarinmu da ba za su taɓa fufun maƙwabciya ba, su ne ke cika wuraren soyayyiyar shinkafa da kaza da dare, ko su tafi Kumasi City Mall da aka buɗe a Asokwa a 2017, alhali yawancin kajin kwali da ake soyawa a garin nan daga Barazil da Amurka da Turai ake shigo da su a daskare. Wasu kwalayen na ɗauke da tambarin halal, wasu babu. Wa ya taɓa cewa a nuna masa kwalin? A gidajen abincin 'yan Sin da ke wajen Ahodwo ma tambayar nan ce dai, sai ka ƙara da ta man suya.

Ga mai son fita daga shakka baki ɗaya, Allah ya yi mana sauƙi da kifi. A gangara Anloga wurin Ewe a ci banku ko akple da gasasshiyar karfasa, ko a nemi dokunun Fante da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono. Da dare kuma gari ya dawo hannunmu: hayaƙin cicinga a kowace mararraba, mai shayi da burodi da ƙwai, fura da burkina masu sanyi, wagashin Fulani. Watan azumi ba sai an kai kowa ko'ina ba, lamurji da sobolo su ke biyo mutum har sahu.

Watan jiya wasu baƙi uku suka sauka daga Maraɗi kan maganar aure, babbansu ya haura saba'in. Kwana biyu muna zagayawa da su, a rana ta uku ya ce shi fa ba zai koma ba sai ya ci abincin masu gari. Muka aika yaro gidan maƙwabtanmu da kaza biyu da muka yanka. Kafin la'asar muka ji turmi ya ɗauka ta bayan katanga, ana kirɓa rogo da agada. 'Yar gidan da kanta ta shigo da akushin ƙasa, fufu na zaune a tsakiyar miya kamar tsibiri, ta durƙusa ta gaishe da dattijon. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya gutsura ya kama tauna. Ta rufe baki tana dariya, ta ce a gaya wa Baba ba a tauna shi, haɗiya ake yi. Ya gwada sau biyu, a na uku ya wuce. Ya share gumi da gefen rawaninsa, ya miƙa mata akushin ya ce, "'Yata, a ƙaro miya."